Masu Riƙon Kwikwiyo Domin Makaho Ya Samu Jagora

[Kiɗan buɗe shiri]

  

Yau za mu ɗan yi nisa da gida. Za mu leƙa Ingila da Amurka, mu ga wani aikin alheri da yawancinmu ba mu saba da irinsa ba. A waɗannan ƙasashe ana horar da karnuka su zama jagororin makafi. Za ka ga makaho ya fito daga gidansa da safe, hannunsa na hagu riƙe da mariƙin wata ɗamara da aka ɗaura wa kare, su biyu suna tafe cikin cunkoson birni. Idan sun iso bakin titi karen ya tsaya cak. Idan an ajiye wani abu a kan hanya ya kewaye shi. Ya kai mai shi ƙofar banki, ko tashar jirgin ƙasa, ko wurin aikinsa, sannan ya kwanta a ƙarƙashin tebur shiru har a tashi.

Duk wanda ya ga haka, karen yake yaba wa. To, amma wa ya yi renonsa tun yana ɗan mitsitsi? Wa ya riƙa tashi da tsakar dare domin sa? Wa ya tsaya a ƙofar kanti cikin sanyi yana neman gudunmawar da aka ciyar da shi, aka biya likitansa da mai horar da shi? Waɗannan mutanen, masu aikin sa-kai da ba a biyan su ko kwabo, su ne baƙinmu na yau. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Ku biyo mu.

[Ɗan kiɗa]

Bari mu fara da asalin lamarin. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji da yawa sun koma gida ba su gani, wasu saboda harbi, wasu saboda iska mai guba da aka riƙa fesawa a fagen daga. A shekarar 1916 wani likita Bajamushe mai suna Gerhard Stalling ya buɗe makarantar horar da karnuka domin irin waɗannan sojoji a garin Oldenburg na ƙasar Jamus. Daga baya aka buɗe wata a Potsdam, kusa da Balin.

Wata Ba'amurkiya mai suna Dorothy Eustis, wadda ke zaune a Suwizalan tana kiwo da horar da karnukan 'yan sanda, ta ziyarci makarantar ta Potsdam. Abin da ta gani ya burge ta, ta rubuta labarinsa a wata mujallar Amurka a shekarar 1927. Aka karanta wa wani saurayi makaho mai suna Morris Frank labarin a birnin Nashville. Nan take ya aika mata da wasiƙa yana roƙon a horar masa da kare, ya kuma yi alkawarin zai taimaka wa sauran makafin ƙasarsa su samu. A 1928 ya tafi Suwizalan, ya dawo da wata karya mai suna Buddy, ya tsallaka wani titi mai haɗari a birnin New York a gaban 'yan jarida. A 1929 suka kafa ƙungiyar The Seeing Eye, wadda har yau tana aiki a garin Morristown na jihar New Jersey.

A Ingila ma mata biyu ne suka ɗauki nauyin farawa, Muriel Crooke da Rosamund Bond. A garin Wallasey, kusa da Liverpool, a wani garejin ajiye mota, aka horar da karnuka huɗu na farko, aka miƙa su ga masu su a shekarar 1931. A 1934 aka kafa ƙungiyar da a yau aka sani da suna Guide Dogs.

Ku lura da wani abu, jama'a. A Amurka da Ingila, talakawa da masu hali ne suka ga buƙata suka tashi tsaye, ba su jira hukuma ba. Da sa-kai aka kafa aikin, kuma har gobe a kan sa-kai yake tsaye.

[Ɗan kiɗa]

To, me ya sa ake kai kwikwiyo gidan mutane a rena shi? Me zai hana a bar shi a makarantar horo tun daga haihuwa?

Da farko manyan karnuka ake samowa, na kyauta ko na saye, a shiga horar da su. Sai aka ga da yawa ba sa kai labari. Wani yana tsoron ƙarar mota, wani yana firgita da yara, wani bai taɓa hawa matakala ba. Masana halayyar dabbobi sun tabbatar da cewa watannin farko na rayuwar kare su ne suke gina halinsa. Abin da ya saba da shi yana ƙarami ba zai tsorata shi ba idan ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karen da zai yi rayuwarsa a cikin gida da kasuwa da mota, dole a cikin gida da kasuwa da mota zai tashi. Ɗakin ajiye karnuka, komai tsabtarsa, ba zai koya masa wannan ba.

Saboda haka a 1942 ƙungiyar The Seeing Eye ta fara ba wa yara da matasa na ƙungiyar manoma ta 4-H riƙon 'yan kwikwiyo a gidajen iyayensu. A Ingila an fara irin wannan tsari a 1956, kuma wani mutum mai suna Derek Freeman ya yi suna wajen bunƙasa shi tare da tsara yadda ƙungiyar Guide Dogs za ta riƙa haifar da nata karnukan. A yau tana da babbar cibiyar haihuwa kusa da garin Leamington Spa. Irin karnukan da aka fi amfani da su su ne Labrador, da Golden Retriever, da barbarar yanyawar da ke tsakaninsu, sai kuma karen Jamus da muka sani a hannun 'yan sanda.

Yanzu bari mu shiga gidan mai riƙo mu ga yadda abin yake. A ce wata dattijuwa ce da ta yi ritaya daga koyarwa. Ana kawo mata kwikwiyo yana da kamar mako bakwai zuwa takwas, wanda za ta iya rungumewa a hannu ɗaya. Daren farko kuka zai yi ta yi, don an raba shi da uwarsa da 'yan'uwansa. Ita ma ba barci. Cikin dare za ta tashi ta sa rigar sanyi ta fitar da shi tsakar gida, ta tsaya tana maimaita masa kalma ɗaya har ya yi bawali, sannan ta yaba masa. Wannan kalmar ba wasa ba ce. Nan gaba makahon da zai karɓe shi yana bukatar karen da zai biya bukatarsa a lokacin da aka umarce shi, a wurin da aka nuna masa, ba a tsakiyar kanti ba. Kafin ya gane, za ta goge ƙasa sau ba adadi. Zai tauna takalmi, ya tauna ƙafar kujera.

Idan an gama yi masa allurar rigakafi sai yawo ya fara. Ta sa masa 'yar rigar da ke nuna cewa ɗalibi ne, ta shiga da shi motar haya, ya ji ƙugin inji da ƙarar ƙofa. Ta kai shi tashar jirgin ƙasa su zauna kawai, jirage suna wucewa. Ta bi da shi ta gaban makaranta lokacin tashi, yara suna ihu suna gudu. Ta taka da shi a kan daɓe mai santsi, da kan ƙarfe, da kan tsakuwa, ta hau da shi bene ta sauko. Ta shiga gidan shayi ta koya masa kwanciya a ƙarƙashin tebur. Gutsuren burodi ya faɗi a gaban hancinsa, ta hana shi ɗauka, don karen da ke bin abinci a ƙasa wata rana zai ja makaho cikin haɗari. Tantabara ta sauka kusa da shi, jikinsa yana rawa don son ya bi ta, ta kira sunansa ya juyo ya dube ta, ta ba shi ɗan abin taɓawa. Da lada da yabo ake koyarwar, ba da duka ba.

Ƙungiya ce ke biyan kuɗin abinci da na likitan dabbobi, tana kuma turo ma'aikaci ya riƙa duba yadda ake ciki. Amma lokaci, da haƙuri, da barcin da aka rasa, da tafiyar da aka fasa saboda ba inda za a bar kwikwiyo, duk daga mai riƙo suke fitowa. Haka za a yi shekara guda ko fiye da haka kaɗan.

Idan wani yana shakkar muhimmancin wannan yawo, annobar korona ta ba da amsa. A shekarar 2020, da aka rufe kantuna da gidajen abinci a Ingila, aka hana mutane cuɗanya, 'yan kwikwiyon wannan lokaci sun tashi ba su san hayaniyar gari ba. Da aka zo horo, waɗanda suka kasa sun fi na sauran shekaru yawa, makafin da ke jiran kare kuma suka ƙara daɗewa a layi. Ashe zaman da dattijuwar nan take yi a tasha tana kallon jirage tare da kwikwiyo aiki ne babba.

[Ɗan kiɗa]

Jama'a masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan masu aikin sa-kai da ke renon 'yan kwikwiyo da tara kuɗi domin samar wa makafi da sauran masu buƙata ta musamman karnukan taimako.

Yanzu mun iso wurin da ya fi wuya. Wata rana mota za ta tsaya a ƙofar gida. Karen ya kai kamar wata 14, lokacin shiga makarantar horo ya yi. Mai riƙo za ta haɗa masa bargonsa da abin wasansa, ta miƙa igiyarsa. Karen zai haye mota yana kaɗa wutsiya. Ita kuwa za ta koma cikin gida ta tarar da kwanon abincinsa a inda ta saba ajiyewa.

Mu Hausawa mun san riƙo. Mun san gwaggo ko inna da ke ɗaukar 'yar ɗan'uwanta tun daga yaye, ta yi mata wanka da kitso, ta yi jinyarta, ta koya mata girki da gaisuwa, alhali ta san ranar da za a zo a ɗauke ta zuwa wani gida. Ta san haka tun ranar farko, kuma sanin bai sa ta rage ƙauna ko ƙwayar zarra ba. Zuciyar da mai riƙon kwikwiyo ke bukata ke nan. Idan ta ƙi sakin jiki da shi don gudun zafin rabuwa, karen ba zai tashi da natsuwa da yarda da mutane ba. Sai ta so shi sosai aikin zai yi kyau, kuma son ne zai sa rabuwar ta yi ciwo. Tambayar da aka fi yi wa masu wannan aiki ita ce, yaya kuke iya rabuwa da shi? Da yawansu sukan nuna cewa akwai wanda ya fi su bukatarsa. Wasu kuma kafin mako ya zagayo sun karɓi wani sabon kwikwiyon, an koma goge ƙasa.

A makaranta ƙwararru ne ke karɓar aikin na tsawon watanni. A nan kare ke koyon tafiya da ɗamara, da tsayawa a bakin titi, da lura da reshen bishiya ko allon talla da zai iya bugun kan mutum ko da shi karen zai wuce ta ƙasa lafiya. A nan yake koyon abu mafi ban mamaki, wato ƙin bin umarni idan bin sa zai jawo haɗari. Makaho ne ke saurarar motoci ya yanke shawarar tsallakawa, don kare ba ya karanta fitilar hanya. Amma idan ya ce a tafi, ga kuma mota ta taho ba ƙara, karen zai toge ya ƙi motsi. Ko a wannan mataki akwai masu sa-kai. Wasu iyalai ne ke ɗaukar karen da yamma ya kwana a gidansu, su mai da shi makaranta da safe. Wasu ke riƙe da iyayen da ake haifar 'yan kwikwiyon. Wasu ke karɓar tsofaffin karnuka idan sun yi ritaya, galibi suna da shekara tara zuwa goma.

Ba kowane kwikwiyo ne ke zama jagora ba. Wani ciwon ƙugu ko na fata zai hana shi, wani kuma ya cika son wasa. Irin waɗannan akan sauya musu aiki ko a ba wa wani iyali. Mai riƙon da nasa bai ci jarrabawa ba, wahalarsa ɗaya ce da ta wanda nasa ya ci, kuma godiyar da ta kamace su ɗaya ce. Wannan wuri ne da ake yawan mantawa.

[Ɗan kiɗa]

Sai batun kuɗi. Daga haihuwar kare ɗaya zuwa ritayarsa, abin da ake kashewa ya kai dubun-dubatar fam na Ingila. Amma ba a ɗora wa makaho wannan nauyi. The Seeing Eye tana karɓar dala 150 ne kawai a kan kare na farko, dala 50 a kan na gaba, tsohon soja kuma dala 1, kuma an shafe shekaru da dama ba a ƙara ba. Ana karɓar wannan ɗan kuɗi ne domin mutum ya ji cewa karensa nasa ne, ya riƙe mutuncinsa. Sauran duk daga aljihun jama'a yake fitowa.

Yaya ake tara shi? Akwai masu tsayawa a ƙofar manyan kantuna da bokiti a hannu, wani lokaci da kwikwiyo a gefensu, ruwa ko sanyi. Akwai masu toya waina irin tasu da biskit su sayar a harabar coci ko makaranta. Akwai masu shiga gudun yada-ƙanin-wani na birnin Landan, mai nisan fiye da kilomita 42, abokai da dangi su yi musu alkawarin kuɗi idan sun kai ƙarshe. A kantunan Ingila an daɗe ana ganin asusu mai siffar kare, da 'yar ƙofa a kansa inda yara ke jefa sulalla. Akwai mutumin da aikinsa shi ne ya zagaya ya buɗe waɗannan asusai, ya ƙirga, ya rubuta, ya kai banki. Ba wanda ke ɗaukar hotonsa, amma amanar duka tana wuyansa. Akwai masu ɗaukar nauyin kwikwiyo da ɗan abin da za su iya duk wata, ana aiko musu da hotunansa da labarin girmansa. Akwai kuma masu barin wasiyya, kuma kaso mai tsoka na kuɗin ƙungiyar Guide Dogs daga wasiyyar mamata yake zuwa.

Har yara ba a bar su a baya ba. A shekarun 1960 wani shirin yara na talabijin ɗin BBC mai suna Blue Peter ya roƙi masu kallo su tara marafan kwalaben madara da takardun gwangwani masu ƙyalli. Yara suka yi ta aikowa daga ko'ina, aka sayar, aka samu kuɗin horar da kare jagora, suka kuma riƙa kallon girman wata 'yar kwikwiyo mai suna Honey a shirin. Abin da ake zubarwa a shara ne ya zama idon wani.

Aikin kuma ya wuce makafi. A 1975 Bonnie Bergin ta kafa Canine Companions a Santa Rosa ta jihar Kalifoniya, domin masu amfani da keken guragu. Karnukansu suna ɗauko abin da ya faɗi, su buɗe ƙofa, su kunna fitila. A 1982 aka kafa ƙungiyar karnukan kurame a Ingila, waɗanda ke taɓa mai su idan an ƙwanƙwasa ƙofa ko ƙararrawar gobara ta kaɗa. A nahiyarmu, Gladys Evans ta kafa ƙungiyar karnukan jagora ta Afirka ta Kudu a 1953. A jihar New York kuwa, tun 1997 ƙungiyar Puppies Behind Bars ke ba wa fursunoni renon 'yan kwikwiyo, mutumin da ke zaman hukunci ya samu hanyar amfanar wani da bai taɓa gani ba.

[Ɗan kiɗa]

To, yaya ake gode wa waɗannan bayin Allah? Akwai ranakun da aka keɓe. A Birtaniya tun 1984 ake yin makon masu aikin sa-kai a farkon watan Yuni. Majalisar Ɗinkin Duniya a 1985 ta ware 5 ga Disamba a matsayin ranarsu ta duniya. Larabar ƙarshe ta watan Afrilu ita ce ranar karnukan jagora. A 2002 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ƙirƙiro lambar yabo ta musamman ga ƙungiyoyin sa-kai, wadda a yanzu ake bayarwa da sunan Sarki. Ƙungiyoyin da kansu sukan shirya taro su ba da takardar yabo ga wanda ya daɗe yana hidima.

Duk wannan yana da kyau. Amma a ganina godiyar da ta fi shiga zuciya ita ce wadda ke nuna wa mutum inda wahalarsa ta je. A Morristown, idan kare ya kusa gama horo, akan gayyaci iyalin da suka rene shi su zo su bi shi daga nesa yana aiki a titi da mai horar da shi. Ba za su kira shi ba, ba za su taɓa shi ba, don kada hankalinsa ya rabu. Suna tafe a baya, suna kallon wanda ya tauna musu takalma ya tsaya a bakin titi kamar soja. A bikin yaye ɗalibai na Canine Companions kuwa, mai riƙo ne da kansa ke hawa dandamali ya miƙa igiyar karen a hannun wanda zai tafi da shi. A nan mutane biyu da ba su san juna ba suke haɗa ido, ko su haɗa hannu, kowa ya san abin da ɗayan ya yi masa.

Me ya sa godiyar take da muhimmanci, tunda ba don ita suka yi ba? Na farko, haƙƙi ne. Wanda bai gode wa mutane ba, da wuya ya gode wa Allah. Na biyu, ita ce ke riƙe da aikin. Mai sa-kai ba shi da albashin da zai hana shi tafiya. Idan ya ga ba a san da zamansa ba, wata rana zai daina zuwa, ba tare da ya ce uffan ba. Na uku, yabo a bainar jama'a kira ne ga wasu. Yaron da ya ga an karrama kakarsa, ya ga abin da ake girmama mutum dominsa.

[Ɗan kiɗa]

Na san wasu a cikinmu tun ɗazu suna cewa, kare fa? A cikin gida? Tambaya ce mai kyau. A ƙasar Hausa mun san kare ne a farauta da gadi. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake an yi umarni a wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki. Malamai sun halatta riƙe shi domin farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma Suratul Ma'ida ta yi maganar dabbobin farauta da aka horar. A shekarar 2008, wata majalisar malaman Musulunci a Ingila ta ba da fatawar da ta ba wani matashi makaho na birnin Leicester damar zuwa masallaci da karensa, aka tanadar wa karen wurin jira a waje da inda ake salla. Mai son ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malamai.

Ga 'yan'uwanmu mazauna Turai da Amurka, musamman direbobin tasi da masu shaguna, ga tunatarwa. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta haramta wa direban tasi ƙin ɗaukar mai karen taimako, sai idan yana da takardar uzuri ta rashin lafiya. Amurka ma tana da dokar kare haƙƙin naƙasassu tun 1990. Idan ka ga kare da ɗamararsa yana aiki, kada ka yi masa fito, kada ka ba shi abinci, kada ka shafa shi. Da mutumin za ka yi magana, ka tambaye shi ko yana bukatar taimako.

A nan gida kuwa, ban zo in ce mu fara kiwon karnukan jagora gobe ba. Titunanmu da kwatoci a buɗe, da babura ta ko'ina, da rashin hanyar masu tafiya a ƙasa, ga kuma tsadar aikin, duk sai an yi gyara tukuna. Abin da nake so mu ɗauka shi ne, mu ma muna da masu jagora, kuma mun fi mantawa da su. Ɗan jagoran da ke riƙe da sandar mahaifinsa daga safe zuwa magariba, tsaransa suna aji, shi yana kan titi. A harabar Hukumar Lafiya ta Duniya a Janiba akwai mutum-mutumin yaro yana jan makaho da sanda, don tunawa da cutar makantar bakin kogi da ta addabi Afirka ta Yamma. Wannan yaron namu ne. Shi ke ba da ƙuruciyarsa domin wani ya yi tafiya.

Akwai abin da za mu iya tun yanzu. Farar sanda ba ta da tsada, kuma makahon da aka koya wa amfani da ita yana iya zuwa wurare da yawa shi kaɗai, yaron ya koma makaranta. Ranar 15 ga Oktoba ita ce ranar farar sanda. Unguwa za ta iya haɗa kuɗi ta saya, ta nemi malamin da zai koyar, a haɗa kai da sarkin makafi da ƙungiyoyinsu, domin su suka fi sanin bukatarsu. Mai gida ya rufe kwatar ƙofar gidansa. Mai shago ya janye kayansa daga hanya. A Nijeriya akwai dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, sai mu san da ita, mu nemi a yi aiki da ita. Masu hali kuma su tuna da makarantun makafi da na kurame a cikin sadakarsu da wasiyyarsu.

Sannan mu koyi godiya da baki, da suna, a gaban mutane. Matar da ke jinyar surukarta makauniya, malamin da ke koyar da rubutun makafi, saurayin da ke tura keken maƙwabcinsa zuwa masallacin Juma'a, ma'ajin ƙungiyar unguwa da ke riƙe kuɗin marayu bai taɓa cin sisi ba. Mai unguwa ya ambace su a taro. Liman ya sa su a addu'a. Kai kuma mai sauraro, kafin wannan mako ya fita, nemi mutum ɗaya irin wannan a kusa da kai, ka je har gida ka ce masa ka ga abin da yake yi, Allah Ya saka masa da alheri.

Jama'a, a nan za mu dasa aya.  Allah Ya ƙara wa masu hidima ƙarfi, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.   

[Kiɗan rufe shiri]